Amalanken Rugar Bube

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Barira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da gwaggonki Ladi da mutanen gidanta baki ɗaya. Ina gajiyar hanya, ina baƙunta? Allah ya sa Yamai ta karɓe ki, ya tsare ki daga sharrin da ido ke gani da wanda ba ya gani, amin. Ni lafiya lau nake, sai gwiwar nan da kika sani, ita ma da sauƙi.

Ranar da kika tafi ban faɗa maki komai ba a tasha sai addu'ar hanya. Na fito gida da magana cike da baki, da na ga kin zauna kusa da taga kin rungume jakarki sai duk ta watse. A waya kuma kin san ni, ban iya dogon zance ba. Shi ya sa na nemi takarda, ina rubutawa kaɗan-kaɗan bisa bencin gareji idan babu aiki, kuma kwanakin nan aikin ba yawa.

Tunda karatun ƙirar injuna kika tafi yi, ina so in ba ki labarin abu guda da na taɓa ƙoƙarin ƙerawa da kaina. Sauran rayuwata gyaran abin da wasu suka ƙera na yi. Kina goye lokacin da aka fara shi, don haka gutsattsari kawai kika sani. Zan faɗa maki har da wuraren da na yi kuskure, don su ne za su yi maki amfani.

Ƙila fuskar Bube ta ɓace maki. Bafulatani ne dogo, rugarsu tana arewa da Maijirgi, can inda hanyar mota ke ƙarewa yashi ya karɓa. Tun muna samari muka saba. Duk ranar kasuwar Tasawa yakan ɗaure jakinsa bakin gareji, ya aje mani ƙwaryar nono, mu yi hira kafin ya shiga kara, wato kasuwar shanu.

Wata shekara, ƙarshen damina, naƙuda ta yi ma matarsa Dije tsanani. Mota ba ta shiga rugar. Suka shimfiɗa tabarma da zannuwa bisa amalanken jaki suka kwantar da ita. Kin san yadda amalankenmu yake, katako bisa ƙarfe, ƙarfe bisa taya, babu komai tsakani. Duk saiwar da taya ta taka, duk kunyar gona da ta hau, jikin wanda ke kwance ne ke karɓa. Sun kai likitar Maijirgi, wato asibitin garin. Dije ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Majo, wato babban ma'aikacin likitar, ya ce ba zai iya cewa hanya ce ta yi sanadi ba, Allah kaɗai ya sani.

Sai da aka yi makonni kafin Bube ya zo. Kin san Fulani da kunya, ko sunan matarsa ba ya faɗi, balle ciwonta. Ya daɗe zaune yana kallona ina kwance amortisa a wata mota, wannan da mutanen Najeriya ke ce ma shokozoba. Can ya ce mani a hanya ta roƙe shi ya sauke ta gindin itace ya bar ta nan, ta ce ba za ta iya ƙara jure girgizar ba. Yana faɗi yana kallon ƙasa. Sannan ya nuna abin da ke hannuna da sandarsa.

"Isuhu, wannan ne ke hana mota jijjiga mutane?"

Na ce shi ne, shi da resor.

"To me ya hana a sa ma amalanke?"

Na ce mashi abu ne mai sauƙi, kafin kasuwa ta zagayo zai gani. Barira, damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce kafin in cika wannan magana. Idan aka kawo maki aikin da ba ki taɓa yi ba, kada bakinki ya riga hannunki. Ki ce za ki duba. Mutumin da ke cikin damuwa yana riƙe maganar da aka faɗa mashi sosai, kuma Bube ya riƙe tawa, duk kasuwa sai ya leƙo.

A raina na ce ai laushin mota daga resor yake, wannan ƙarfen mai murɗe-murɗe, amortisa ɗan rakiya ne kawai. Na ciro resor daga wata tsohuwar ƙaramar mota da ke jibge bayan gareji, na ɗaga katakon amalanke na dasa su tsakaninsa da ƙarfen taya. Na danna da hannu na ji laushi kamar katifa. Na yi niyyar gwadawa da buhun hatsi, innarki ta hana. Ta ce buhu ba ya magana, ba zai faɗa mani inda ke mashi ciwo ba. Ta kwance ki daga baya ta miƙa ki ga maƙwabciya, ta cika ƙwarya da ruwa ta hau ta zauna da ita bisa cinya, ta ce ruwan da ya rage a ciki shi zai yi shaida.

Muka bi hanyar da ke zuwa tabki. Rami na farko ya wuce da laushi, har na fara murmushi. Sai na ga katakon ya ɗaga sama, ya sauko, ya sake ɗagawa, ya ƙi tsayawa. Kafin ya lafa mun shiga rami na biyu, tsallen ya ninka, har ya kusa jefo ta ƙasa. Jakin maƙwabci da muka ɗaura ya firgita ya zabura. Da ƙyar na tsayar da shi. Ta sauko jiƙe sharkaf, ƙwarya babu ko ɗigo, tana dariya tana riƙe da ciki. Ta ce wanda ya hau wannan da lafiyarsa ma sai ya sauka da ciwo.

Ranar na gane cewa shekara da shekaru ina cire amortisa ina maida sabo, ban taɓa sanin abin da yake yi ba. Na ɗauki wani da ya mutu na sa zarto na yanka shi. Ga abin da na iske, ko da yake malamanku za su faɗa maki da kyau fiye da ni. Bututun ƙarfe ne cike da mai. Sandar nan mai sheƙi da ke shiga tana fita, a bakinta na ciki akwai wani ɗan faifan ƙarfe da ya cika bututun daidai. Jikin faifan akwai ƴan ƙananan huji, an rufe su da wasu ƴan fale-falen ƙarfe marasa kauri kamar reza. Idan taya ta hau tudu sandar ta danna ciki, mai ba shi da wurin zuwa sai ta waɗannan huji. Idan an tura a hankali mai yana wucewa babu gardama. Idan an buga da ƙarfi sai ya cije, ya ƙi wucewa da sauri. Resor yana ɗaukar nauyi, yana karɓar duka, amma duk abin da ya karɓa sai ya maido shi, shi ya sa amalanken ya yi ta tsalle. Amortisa ba ya ɗaukar nauyi ko kaɗan. Aikinsa ya riƙe wannan tsallen ya cinye shi. Ƙarfin kuma ba ɓacewa yake yi ba, zafi yake komawa cikin mai. Ki taɓa amortisar motar da ta fito daga hanyar burji ta Mayahi, za ki ji kamar tukunyar da aka sauke yanzu.

Na zauna da guntayen a hannu ina jin kunyar kaina. Don haka ina maki wasiyya, duk abin da hannunki zai riƙa taɓawa kullum, ki buɗe shi ko sau ɗaya ki ga cikinsa. Sabo da abu yana sa mutum ya ɗauka ya san shi.

Da na gane amortisa ake buƙata, sai na ce bari in sa mafi ƙarfi. Na samo na wata babbar mota kat-kat, mai shiga daji, masu kauri kamar damtse. Na ɗaura su ina alfahari. Innarki ta sake hawa da ƙwaryarta. Wannan karon babu tsalle ko kaɗan, amma babu laushi ma. Amalanken ya koma kamar yadda yake tun farko, haƙoranta har haɗuwa suke yi. An yi hujin waɗannan don nauyin babbar mota da kayanta, nauyin mace ɗaya bai isa ya tura mai ta cikinsu ba. Da ta sauko ta tambaye ni wa zai hau abin nan. Na ce marar lafiya. Ta ce to marar lafiya da mai riƙe kansa, mutum biyu ke nan, ɗaya ma ciwo ya rage mashi nauyi, me ya kai ni ga kayan motar da ke ɗaukar shanu? Ni ƙarfi na nema, ban fara da tambayar wanda zai kwanta a kai ba. Ke ki fara daga nan kullum: wa zai yi amfani da shi, nauyinsa nawa, wace hanya zai bi.

Daga nan na shiga wani aikin da ya ci mani rani guda. Ina yanka amortisa, in faɗaɗa hujin, in zuba mai, in maida in yi walda. Wani in faɗaɗa ya yi yawa ya koma kamar babu shi. Wani ya yi daidai da safe, da rana ta take, man ya tsinke ya daina riƙewa. Na gwada man inji, na gwada man birki ya cinye roba, har man gyaɗa na taɓa zubawa don takaici. Wani abu kuma ya ɗaure mani kai. Don kada katakon ya yi tsawo a sha wahalar ɗora marar lafiya, na kwantar da amortisar kusan a kwance. Sai su yi aiki kaɗan su saki, kamar an zare masu rai.

Cikin wannan hali motar wani malamin lekol, wato makarantar fasaha, ta lalace a Tasawa, yana hanyar Damagaram daga Maraɗi. Aka turo ta garejina. Ya ga amalanken ya tambaya, na ce wasa ne nake yi. Kunya nake ji mai ilimi ya ga shirmen da nake ciki. Wuni guda yana zaune yana jiran a kawo kayan motarsa, ni ina ta kauce ma zancen. Sai da la'asar, da na ga ya kusa tafiya, na daure na faɗa mashi gaskiya. Mutumin nan ya cire takalmi ya tsuguna ƙasa, ya ɗauki tsinke yana zana mani. Ya ce irin waɗanda nake amfani da su bututu biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, kuma akwai iska a saman na waje. Idan an tsayar da su iskar tana zama sama inda aka aje ta. Idan an kwantar sai ta shiga cikin mai ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta cijewa a huji. Ya ce shi ya sa ma wasu ake cusa masu gas, don ya danne man kada ya yi kumfa in ya yi zafi. Ya ƙara nuna mani cewa amortisa mai kyau ba ƙarfi ɗaya yake yi ba wajen shiga da wajen fita. Wajen shiga yana sassautawa don taya ta hau tudu ba tare da ta bugi mutum ba. Wajen fita yake riƙewa sosai don kada resor ya harba. Ni da nake faɗaɗa huji da ka, duka biyun nake lalatawa. Ya ce masu ƙera su lissafi suke yi, na nauyi da na ƙarfin resor da na kaurin mai, kafin su huda ko huji ɗaya.

Abin da ya faɗa mani tsakanin la'asar da magariba, da na tambaya tun da safe da na samu ninkinsa. Ya tafi ban ko riƙe sunansa ba. Wannan lissafin da ya ambata shi ne kika tafi koyo, kuma shi ne abin da na rasa duk tsawon aikina. Kada kunya ta hana ki tambaya. Na ji an ce mata kaɗan ne a ajinku, na san za ki ji nauyin ɗaga hannu gaban maza. Ki ɗaga. Wanda ya yi maki dariya yau, gobe zai zo aron littafinki.

Na bar yankan amortisa. Na nemi na ƙaramar mota na tsayar da su yadda ya ce, na sa roba sama da ƙasa inda suke haɗuwa da ƙarfe, don wanda na taɓa ɗaurewa ƙarfe da ƙarfe ya karye wajen walda. Na ƙara ƙarafa don kada katakon ya karkata. Innarki ta hau, muka je tabki muka dawo, ruwan ƙwarya bai ragu ba sai kaɗan. Ranar ta yi mamu tuwo da miyar kuɓewa har da nama. Bube ya zo ranar kasuwa, na ɗaura ma jakinsa amalanken, ya yi godiya ya yi addu'a ya tafi.

Watanni suka wuce. Duk sadda na tambaye shi sai ya ce alhamdu lillahi, yana nan lafiya. Wata rana wani direba da ke zuwa kasuwannin wajen ya ce mani ya ga amalankena jingine gindin wani gawo kusa da rugar, kaji na kwana ƙarƙashinsa, tayoyin sun sace. Ya ce ko kwanan baya da aka kai wani yaro likita, da tsohon amalanke aka kai shi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Da Bube ya zo ban karɓi nonon ba, na ce ina da aiki. Ya tsaya kaɗan, ya ɗauki ƙwaryarsa ya tafi. Kasuwa ta zagayo bai zo ba, ta sake zagayowa bai zo ba. Na riƙa cin abinci ina huci, ina cewa na ɓata rani na ɓata damina don mutanen da ba su san darajar aiki ba. Innarki ta ƙyale ni na kwanaki. Wata safiya ta aje mani kunu ta ce ita dai ba ta ji na ce na tambaye shi dalili ba. Ta ce mutumin da ya iya buɗe baki ya faɗa mani abin da matarsa ta faɗa a hanyar likita ba zai jingine amalanken nan don raini ba, in hau moto, wato babur, in je in gani da idona.

Na je. Bube ya tare ni kamar babu abin da ya faru, ya shimfiɗa mani buzu. Na ce a ɗaura jaki in gani. Ya yi jinkiri, sannan ya ɗaura. Ba mu yi nisa ba muka shiga jigawa. Tayoyin suka nutse, jakin ya ja, ya ja, ya durƙusa bisa gwiwa. Ba kowa a kai, nauyin ƙarafan da na jibga ne kawai. Ni a cikin gari na gwada, bisa ƙasa mai tauri, da jakin maƙwabci mai cin dusa. Na yi ta tunanin wanda zai kwanta, na manta da wanda zai ja. Na tambayi Bube don me bai faɗa mani ba. Ya ce, "Ka sha wahala a kansa. Da wane baki zan ce maka bai yi ba?"

Abu biyu nake so ki ɗauka a nan. Idan kin yi ma mutane abu, godiyarsu ba shaida ba ce cewa ya yi. Mutanenmu suna da kara, za su gode maki su jingine shi. Ki bi sawunsa har inda ake amfani da shi, ki gwada a kan hanyarsu da dabbarsu. Na biyu kuma, kada ki yi fushi da mutum kafin ki ji ta bakinsa. Saura kaɗan in rasa aboki don labarin da na ji a bakin direba.

Dije ce ta fitar da mu. Tana daga bakin bukka tana jin mu, ba ta taɓa yi mani magana kai tsaye ba sai ranar. Ta yi magana da Fulatanci, Bube ya fassara. Ta ce don me za a tausasa amalanken duka, alhali mutum guda ne ke jin ciwo? Ta nuna ragayar da ta rataye ƙwaryar nono a ciki. Ta ce ko iska ta kaɗa bukkar, nono ba ya zuba, don ƙwaryar kaɗai aka rataye.

Na dawo Tasawa na kwance komai. Na bar amalanken yadda kowa ya san shi, mara nauyi. Na ƙera ɗan gado na bututun ƙarfe marar kauri, na saƙa shi da igiya kamar gadon gida, na ɗora shi cikin amalanken bisa amortisar bayan moto, irin waɗanda resor ke naɗe a jikinsu. Nauyin da aka yi su dominsa ya yi kusa da nauyin mutum. Kuma ko a kasuwar ƙauye akwai mai gyaran moto da ke da su, in sun fara yoyon mai ba sai an zo Tasawa nemana ba. Robar na yanko daga tsohuwar taya, wadda kowa zai iya yankowa. Na bar tazara ƙasan gadon don kada ya bugi katako in an faɗa babban rami. In babu marar lafiya, a ɗage gadon a aje, amalanke ya koma ɗaukar kara da ruwa. Wannan na ƙarshe shi ne mafi ƙanƙanta cikin duk waɗanda na yi, ba shi da kyan gani ma, wanda bai sani ba zai ce ba a yi aikin komai ba.

Wanda aka fara ɗauka da shi baffan Bube ne, tsoho, saniya ta ture shi ya karye a cinya. Ban je ba, Bube ne ya ba ni labari. Ya ce da farko tsohon yana ta salati yana jiran azaba. Da suka yi nisa sai suka ji shiru, hankalinsu ya tashi, suka tsayar da jaki suka duba. Barci yake yi. Bube yana faɗa mani yana dariya, daga baya ya ja rawaninsa ya rufe fuska, ya daɗe bai buɗe ba.

Majon Maijirgi ya ga gadon ya sa na yi ma wani ƙauye. Daga can labari ya kai wajen Kanambakashe, na yi masu su ma. Ba su da yawa. Wasu suna aiki har yanzu, wasu na ji an cire amortisar an maida ma moto. Ban ji haushi ba, na san halin da ake ciki.

Tunda yanzu za ki riƙa yawan shiga mota, ki riƙa lura kafin ki hau. Motar da ta wuce tudu ta ci gaba da rangaji kamar raƙumi, amortisarta sun mutu. Ba wahalar zama kaɗai ba ce. Tayar da ke tsalle ba ta taka ƙasa sosai, birki kuwa ba ya kama iska, kuma a kwana motar tana iya kuɓuce ma direba. In kin ga mai ya jiƙe jikin amortisa, ko taya ta cinye wuri-wuri, ki jira ta gaba ko da za ki makara. Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki girmama gwaggonki, tana da faɗa amma cikinta fari ne. Ki zaɓi ƙawaye a hankali, ba dole ba ne su yi yawa.

Mutanen da na yi wannan aiki da su duk babu su kusa yanzu. Innarki kin san yadda Allah ya karɓi abinsa, Allah ya jiƙanta ya haskaka kabarinta. Ƙwaryar tana nan rataye a ɗakinta, ta tsage, ban iya yarwa ba. Bube kuma, da gonaki suka cinye makiyaya, ɗiyansa suka kora shanun suka yi gabas, ya bi su. Da farko yana aiko gaisuwa ta bakin masu zuwa kara, daga baya ta yanke. Ban san ko yana raye ba. Ranar kasuwa har yanzu in na ji kukan jaki bakin gareji sai na ɗaga kai. A lokacin ina ganin wahala nake sha, ina ƙosawa in gama. Ban san cewa kwanakin da na fi jin daɗi ke nan ba, ina da mai hawa ta faɗa mani gaskiya, ina da mai jiran abin da nake yi. Idan Allah ya haɗa ki da mutanen da kuke aiki tare da zuciya ɗaya, ki san darajarsu tun suna gabanki.

Saura magana ɗaya. Gwaggonki ta kira ni shekaranjiya. Ta ce kin faɗa mata in an yi hutun farko za ki dawo ba za ki koma ba, za ki nemi ko aikin koyarwa ne a Tasawa, don ba ki iya barci in kin tuna ni kaɗai ne a gida. Kada ki ji haushinta, daidai ta yi da ta faɗa mani.

Ba zan yi maki ƙarya ba, Barira. Gidan ya yi girma. Da safe in na dafa shayi sai in ga na aje kofi biyu. In na dawo daga masallaci nakan yi sallama a zaure, in tsaya ina jira, sannan in tuna. Matar Malam Hamisu maƙwabci tana aiko tuwo kullum, ina ci, amma ban saba cin abinci babu mai yi mani surutu ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma zan iya da shi. Abin da ba zan iya da shi ba shi ne in gan ki zaune a tsakar gidan nan kina tankaɗe gari, in san ni ne dalili. Wannan zai fi kaɗaici yi mani nauyi nesa ba kusa ba. Ban yarda ba, kuma a matsayin uba nake faɗa maki. Ki zo hutu, ki share mani ɗaki, ki yi mani faɗa a kan shan magani, ranar komawa in raka ki tasha da ƙafata.

In kin kira ni, kada ki ɓata kuɗin waya wajen tambayar ko na ci abinci. Na ci. Ki faɗa mani abin da aka koya maku ranar, ko da ba zan gane rabinsa ba. Zan saurara.

Allah ya tsare fitarki da shigarki, ya kare ki a hanya da masauki, ya buɗe maki ƙirji ga karatu, ya haɗa ki da mutanen kirki. Allah ya yi maki albarka, ya sa in gan ki da idona kin gama. Na yafe maki duniya da lahira. Ki gaida gwaggonki da kyau.

Wassalam.

Babanki,
Isuhu